Wa zai bi mota zuwa Abidjan wasan ƙarshe?

Laraba, 7 ga Fabrairu 2024, bayan isha'i

Ɗan Fagge: Jama'a mun haye wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka, Super Eagles sun cire Afirka ta Kudu! Wallahi har yanzu hannuna rawa yake. Golanmu Nwabali, Allah ya yi maka albarka, fenariti biyu ka ture mana. Ni dai na yanke shawara, ranar Lahadi da ni za a yi a Abidjan. Gobe zan hau babbar bas a New Road zuwa Legas, daga can in bi gaɓar teku. Wanda ya shirya ya yi magana mu haɗa hanya.

Bakatsine: Kai dai bari. Lokacin da Osimhen ya jefa ta biyu har na fita waje ina ihu, na dawo na tarar wai alƙalin wasa ya je ya kalli na'ura, ya soke ƙwallon, ya kuma ba Afirka ta Kudu fenariti. Daga 2-0 muka koma 1-1 ina tsaye ban zauna ba.

Ɗan Fagge: Kuma ɗanmu ne ya jawo, Alhassan Yusuf. Da an cire mu yau, da bai shigo Kano ta daɗi ba.

Shugaban Zaure: A'a, kada a fara. Yaron nan ba ya cikin jerin farko, sai da Ndidi ya ji rauni aka kira shi, kuma kowa ya ga gudun da ya yi a wasanmu da Equatorial Guinea. Tunda Iheanacho ya rufe da 4-2, magana ta ƙare. Mu koma kan tafiya. Ɗan Fagge, da gaske kake ko zafin murna ne?

Ɗan Fagge: Da gaske nake, Shugaba. Fasfo na nan, ɗan abin da na tara na nan. Rabon Najeriya da kofin nan tun 2013, lokacin Keshi, ina ƙaramin yaro aka ɗaga ni a wuya a gidan kallo da Sunday Mba ya ci Burkina Faso. Wannan karon da idona zan gani.

Malamin Firamare: Ƙanena, ba don in kashe maka gwiwa ba. Shekaranjiya Litinin mata da matasa suka tare hanya a Minna saboda tsadar abinci. A nan Kano masu gurasa sun fito titi kan kuɗin fulawa. Dala ta haura naira 1,400, litar mai ta wuce 600 tun da aka cire tallafi, azumi saura wata guda. A wannan halin za ka kwashi jarinka ka kai wa direbobi da 'yan canji don minti casa'in? In Najeriya ta ci kofi, mudun shinkafa zai sauko ne?

Ɗan Fagge: Malam, in na zauna ma ba zai sauko ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ku bar yaro ya ga duniya, Malam. Amma ɗana, saurare ni, don ni hanyar Kwatano ba baƙuwata ba ce. Fasfo kaɗai ba zai wadatar ba, sai da katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa ɗin nan. In ba ka da shi, a kowace iyaka sai an tatse ka. Kuɗinka ka canza su sefa tun a Wapa gobe da safe, kada ka bari sai bakin iyaka, can sai yadda suka ga dama da kai. Sefa ɗaya ce ake kashewa a Benin da Togo da Kwaddibuwa, Ghana ce kawai sai sidi. Ka raba kuɗin gida uku, kada ka tara su aljihu guda. Ka nemi ƙananan takardu na dubu-dubu, domin in ka zaro ta dubu goma a gaban mai kaki, canji ba zai dawo ba.

Alhaji Mai Goro: Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara: daga Legas ka nemi motar Seme a Mile 2. Sai Kwatano, sai iyakar Hillacondji ka shiga Togo, Lome tana manne da Aflao, sai Accra, Cape Coast, Takoradi, Elubo. Ka haye gada ka shiga Noe, sai Aboisso, sai Abidjan. Kilomita dubu da 'yan kai ne daga Legas, amma kada lissafin kilomita ya ruɗe ka, iyakoki huɗun nan su ne tafiyar. Filin wasan ma ba a cikin gari yake ba, yana Ebimpe, gefen Anyama. Anyama kuwa garin goro ne, mutanenmu sun daɗe a can. In ka isa ka rasa wurin kwana, ka tambayi inda ake ɗaure huhun goro, ka yi sallama da Hausa, za a amsa maka.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Na Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya ban samu shigowa ba, babu wuta, sai yanzu na yi caji a shagon mai janareto. Na karanta hirarku duka. Ina taya Ɗan Fagge murna, amma abin ya sosa mini rai. Da lokacin da ne, ai ba sai ya gangara Legas ba. Kano, Katsina, Jibiya, ya kwana wajena a Maraɗi, mu ɗauki bas zuwa Yamai, Wagadugu, Bobo, mu gangara Buwake har Abidjan. Yanzu ni da ke da ƙanwa tana aure a Katsina, sai ta ɓarauniyar hanya a kan babur nake zuwa ganinta. Tun watan Agusta, bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a nan Nijar, iyaka a rufe, wutar da ke zuwa mana daga Najeriya an yanke.

Bakatsine: Mu ma nan muna ji a jikinmu, ɗan'uwa. Je ka kasuwar Jibiya ranar Lahadi ka gani. Motocin kaya sun yi layi har tayoyinsu sun sace. An ce an hukunta sojoji, amma mai albasa da mai dabino aka hukunta.

Shugaban Zaure: Ina tunatar da jama'a, zauren ƙwallo ne wannan.

Na Maraɗi: Shugaba, ai ƙwallon ce ta kawo maganar. Ka duba wasan Lahadi: Najeriya da Kwaddibuwa. Tinubu shi ne shugaban CEDEAO, wato ECOWAS, da ta sa mana takunkumi, Ouattara kuma shi ne ya fito fili ya ce zai ba da bataliya guda a zo a yaƙe mu a mayar da Bazoum. To mu a Maraɗi wa za mu goya wa baya? A gidan kallon unguwarmu jiya an rabu biyu. Wasu sun rantse ba za su yi wa Najeriya tafi ba. Amma da Nwabali ya ture ta farko, waɗanda suka yi rantsuwar su suka fara tsalle a kan benci.

Ɗan Nima: Hahaha, sai su yi kaffara.

Malamin Firamare: Tunda an buɗe babin, bari in faɗi nawa. Ranar 28 ga Janairu, ana tsakiyar gasar nan, Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar sun fice daga ECOWAS. Mutane suna ta murna a Facebook, ni kuwa gabana ne ya faɗi. Wannan fasfon da Ɗan Fagge zai ratsa ƙasashe huɗu da shi ba biza, daga ina ya samo wannan darajar? Daga yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, wadda ta ba ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa ya zauna kwana 90. Ƙungiyar kanta a Legas aka kafa ta a 1975, da ƙoƙarin Gowon da Eyadema. Su wa suka fi cin moriyarta? Mu ne. Ɗan Tawa mai sayar da shayi a Abidjan, ɗan Dosso mai gadi a Legas, Bakano mai kai shanu Accra. In aka wayi gari ɗan Nijar sai da biza zai sauka Kumasi, ba janar ɗin da ke Yamai zai sha wuya ba.

Na Maraɗi: Malam, da girmanka, amma ka yi maganar takarda. Wace zirga-zirga? Ƙungiyar da ta hana magani shigowa, ta rufe mana asusu, ta yanke wuta a asibiti, ita ce za ka ce mu yi kukan rabuwa da ita? Lokacin da 'yan bindiga ke kashe mutane a Tillaberi shekara da shekaru, bataliya nawa ta aiko? Sai da aka taɓa kujerar mutum ɗaya aka tuna akwai soja.

Malamin Firamare: Ban ce takunkumin daidai ne ba, ni ma ina cikin masu cewa zalunci ne, kuma sanatocin arewa sun ƙi amincewa da yaƙin tun farko. Abin da nake cewa, fushi da shugabanni daban, ƙona gadar da talaka ke bi daban. Kuma dokar ƙungiyar ta ce sai bayan shekara guda da sanarwa ficewar ke tabbata. Akwai sauran lokacin sulhu in ana so.

Alhaji Mai Goro: Ku duka biyun kuna da gaskiya, amma ku yara ne. Kakana da jakuna ya je Gwanja. Ayari ne ke tashi daga Kano da madugu a gaba, a kai kanwa da baƙin yadi da fata, a yi watanni a hanya kafin a isa Salaga, a ɗauko goro a juyo. Babu ECOWAS, babu fasfo, amma a kowane gari sai an biya fito da kuɗin hanya ga sarkin wurin. Zangon da suka riƙa sauka shi ne unguwannin Zango da kuke ji a Kumasi da Lome da Kwatano. Hanyar ta girmi duk waɗannan tutocin. Abin da ke canzawa kawai shi ne wanda ke tsaye a bakinta yana miƙa hannu.

Bakatsine: Abin dariyar ma, kwana biyu da sanarwar ficewa aka haɗa Mali da Burkina Faso a Korhogo, ƙawayen juna, Mali ta kora Burkina gida da 2-1. Ƙawancen bai shiga fili ba.

Ɗan Fagge: Ina cikin mota, mun wuce Kwanar Ɗangora. Mu uku ne masu zuwa Abidjan a bas ɗin, ni da wasu 'yan Sabon Gari biyu, ɗaya ya shafa kore da fari a fuska tun daga tasha. Na samu katin allurar, Hajiya. Sefa kuwa, da ɗan canji ya miƙo mini abin da nairata ta zama, sai da na sake ƙirgawa, na ɗauka ya manta wani ɗauri ne.

Shugaban Zaure: Allah ya kai ku lafiya. Af, ku yi wa waɗanda suka rasu jiya addu'a. Jaridu sun kawo labarin mutane da dama da zuciyarsu ta buga suna kallon wasan, har da tsohon ɗan majalisa daga Delta, Cairo Ojougboh. Masu hawan jini a cikinmu, Alhaji da kai nake, ranar Lahadi a sha magani kafin a zauna.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Hajiya Mai Atamfa: Ni fa akwai abin da ke cina tun Laraba. Ko kun lura da 'yan wasan Kwango lokacin taken ƙasarsu, kafin wasansu da Kwaddibuwa? Kowa ya rufe baki da hannu ɗaya, ya ɗora yatsu biyu a gefen kai kamar bindiga. Sai da jikana ya yi mini bayani, wai kashe-kashen gabashin ƙasarsu suke nuna wa duniya, wajen Goma, inda 'yan tawayen M23 ke kora mutane daga gidajensu, kuma kowa ya yi shiru. Na ce to namu fa? Zamfara, Katsina, Sakkwato, ga abin da aka yi a Filato daren Kirsimeti. Ko baƙin ƙyalle wani ya ɗaura a hannu?

Ɗan Nima: Hajiya, in ɗan wasa ya yi haka a ƙasashenmu, gobe a ce ya ci mutuncin gwamnati, a daina kiransa.

Malamin Firamare: Gaskiyar Hajiya ce. Ni ma a wasan Afirka ta Kudu zuciyata ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Ƙasar da ta kai Isra'ila kotun duniya a Hague kan Gaza, har kotun ta ba da umarnin wucin gadi ranar 26 ga Janairu, alhali manyan ƙasashen Musulmi suna ta fitar da sanarwa kawai. Limaminmu har addu'a ya yi musu.

Bakatsine: Malam, ni ma na yaba musu a kan Gaza. Amma ka tambayi 'yan Najeriya da aka ƙona wa shaguna a Johannesburg a 2019. A kotu ina bayansu, a fili kuwa Allah ya ƙara. Daɗin abin ma, Nwabali a can yake cin abincinsa, a Chippa United, ya san duk inda suke bugawa.

Ɗan Fagge: Mun shigo Legas, jikina duk ya yi tsami. Na yi Juma'a a Alaba Rago, na ci tuwo, yanzu muna hanyar Badagry. Shingayen da ke kan titin nan ba su ƙirguwa. Kowane sai direba ya sauke gilashi ya miƙa hannu.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Ɗan Fagge: Malam, ga rahoton yarjejeniyarka ta 1979. A wata iyaka, jami'i ya juya fasfona ya ga babu hatimi ko ɗaya, ya ce sabo ne, kuɗin sabo daban. Na ce ai ECOWAS. Ya yi dariya, ya ajiye fasfon a gefen teburi, ya kira na bayana. Ina tsaye rana na dukana har direba ya fara barazanar sauke jakata. Na biya. A ta gaba kuma wani ya ga rigar Super Eagles a jikina, ya ce Osimhen, ya buga hatimi ya miƙo mini ko sisi bai karɓa ba.

Na Maraɗi: Ka ji ko, Malam?

Malamin Firamare: Na ji. Amma ya wuce, ko bai wuce ba? Kai da ke Maraɗi ko da kuɗin a hannu ba ka da ƙofar da za ka miƙa fasfo.

Na Maraɗi: Wannan kuma haka ne.

Ɗan Nima: Baƙonku ya iso Accra lafiya, yana gabana yana cin waakye. Na zaga da shi Nima ya ga unguwar su Kudus. Sai tsiya yake mini wai an kore mu tun zagayen farko. To an kore mu, Mozambique ta farke biyu a ƙarin lokaci, koci Hughton ya tafi. Amma wa ya hana ku zuwa gasar kofin duniya a Qatar? A Abuja, a gabanku, Partey ya zura ta, har kuka farfasa filinku da hannunku.

Shugaban Zaure: Ɗan Nima, a ci gaba da ba baƙo abinci, a bar tone-tone.

Ɗan Adjame: Ku gaya masa ya yi sauri, kuma kada ya sa rai da yawa a kan tikiti. Filin na mutum 60,000 ne, garin nan kuwa kowa so yake ya shiga. Tun farkon gasar ake rikicin tikiti, a ce sun ƙare a intanet, a zo wasa a ga kujeru babu kowa. Na zagayen farko daga sefa 5,000 aka sayar, yanzu 'yan bayan fage abin da suke kira sai ka riƙe baki. Kuma ku sani, mutanen nan sun yarda Allah ne ke buga musu. Equatorial Guinea ta yi musu 4-0, suka kori kocinsu Gasset, har an fara zaman makoki sai Maroko ta ci Zambiya suka tsallake a na uku. Emerse Fae ya karɓa, suka cire Senegal a fenariti, suka cire Mali da mutum goma a minti na ƙarshe. Suna cewa wanda ya riga ya mutu ba ya tsoron mutuwa.

Bakatsine: Mun ci su 1-0 a zagayen farko, za mu maimaita.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Ɗan Fagge: Na shigo Abidjan. Ko'ina ruwan lemo, launin rigar Kwaddibuwa, har awaki an ɗaura wa ƙyalle. Ɗan Adjame ya tare ni a tasha, ya saya mini garba, wato attieke da soyayyen kifi, mai sayarwar ma ɗan Nijar ne, da Hausa muka yi ciniki. Na Maraɗi, ya ce in gaishe ka, shi Najeriya yake yi amma a cikin ciki, don rigar lemo ce a jikinsa saboda kasuwa.

Ɗan Fagge: Tikiti ya gagara. Wanda na samu, kuɗin da aka faɗa ya fi kuɗin motar komawata gida. 'Yan Sabon Garin nan sun haɗa kuɗi sun sayi ɗaya, suka jefa kwabo, mai fentin fuska ya ci. Ni na hau gbaka, wato ƙaramar bas ɗinsu, zuwa Anyama wajen mutanen Alhaji. Sun kafa babban allo a ƙofar shagon goro, daga nan ana hango hasken filin.

Malamin Firamare: Wato ka ratsa ƙasashe huɗu don ka kalli talabijin.

Hajiya Mai Atamfa: Malam, don Allah!

Bakatsine: EKONG! Da ka! 1-0!

Ɗan Fagge: Ni kaɗai na yi ihu a nan, mutum wajen ɗari sun juyo suna kallona. Wani tsoho ya dafa ni ya ce zauna ɗan Kano, da saura.

Shugaban Zaure: Mun koma baya da yawa. Adingra yana yin yadda ya so da Ola Aina. Koci Peseiro ya yi canji mana.

Na Maraɗi: Kessie ya farke. Wuta ta ɗauke mana daidai lokacin, a rediyo na ji.

Bakatsine: Haller. Minti 81. Shi ke nan.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Ɗan Adjame: Ba a yi barci a garin nan ba, yau ma an ba da hutu. Ku yi haƙuri 'yan'uwa, amma ko ni da nake Najeriya, da Haller ya ci sai da na tuna mutumin nan a 2022 aka gano yana da kansa, aka yi masa aiki, ya sha magani gashinsa ya zube. Ban iya jin haushinsa ba.

Bakatsine: Ni haushin koci nake ji. Ka tafi da Ahmed Musa a matsayin kyaftin, ka ajiye shi a benci har gasa ta ƙare. Kuma Iwobi me ya je yi?

Shugaban Zaure: Nan fa ba za a zagi Iwobi ba. Na ga abin da ake yi masa a Instagram, abin kunya ne. Mutum goma sha ɗaya aka fi ƙarfi, ba mutum ɗaya ba. Wanda ya sa zagi zan cire shi.

Malamin Firamare: Ɗan Fagge, tsakaninka da Allah, ka yi nadama?

Ɗan Fagge: Malam, tambaye ni in na iso Kano na ga abin da ya rage a aljihu. Yanzu dai mutanen Alhaji sun hana ni biyan kuɗin kwana, kuma sun ce akwai motar goro da za ta tashi jibi, in zan iya zama a gaba da yaron mota. Sun ce da ta arewa take bi ta Nijar ta shiga Sakkwato, yanzu dole ta zaga ta Legas, kuma goro ba ya son daɗewa a hanya, sai an riƙa buɗe huhu ana yayyafa ruwa.

Alhaji Mai Goro: Ka bi ta. Ka taya su yayyafin, kuma duk wanda ka ga ya fara baƙi ka cire shi kada ya ɓata sauran.

Hajiya Mai Atamfa: Kuma sauran sefar da ke hannunka kada ka canza ta a hanya, ɗana. Yadda naira ke zubewa, ka riƙe ta har Wapa. In ta kai dubu ashirin ma ni zan saya, ina da kaya a Kwatano.